Kafin Ɗan Sanda Ya Rantse, Fayil Ɗinsa Ya Iso

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali a ƙasar Hausa ya san tambayar da ke biyo bayan shaida. Mai shaida na rufe baki, alƙali zai juya ga wanda aka yi shaidar a kansa ya ce, "Kana da suka?" In akwai tsohuwar gaba a tsakaninsu, ko mai shaidar na da abin da zai ci a shari'ar, ko an taɓa kama shi da zur, to nan ne wurin faɗa. Tun a wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari kan alƙalanci, an cire wanda aka taɓa kamawa da shaidar zur daga cikin adalai. Sai dai tambayar tana da amfani ne inda mutane suka san juna. Idan mai shaidar ɗan sanda ne da ba ka taɓa gani ba sai daren da ya kama ka, kuma duk abin da za a soke shi da shi yana kulle a durowar ofishin da ke biyansa albashi, da me za ka yi sukar?

Amurka ta fi shekara hamsin tana fama da wannan tambaya, kuma sunaye biyu ne lauyoyinta ke kiran matsalar da su: Brady da Giglio. John Brady da abokinsa Charles Boblit sun yi fashi a jihar Maryland a 1958, aka kashe mutum. Brady bai musa cewa da shi aka je ba, amma ya dage Boblit ne ya yi kisan da hannunsa. Lauyansa ya nemi ganin bayanan da Boblit ya yi wa hukuma, aka nuna masa wasu, aka ɓoye guda ɗaya, wanda a cikinsa ne Boblit ya amsa cewa shi ya yi kisan. A 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ɓoye hujjar da za ta taimaki wanda ake tuhuma tauye masa haƙƙi ne, ko da gangan aka ɓoye ko da mantuwa. A 1972 sai ga shari'ar John Giglio, wanda aka tuhuma da takardun kuɗi na jabu. Babban mai shaida a kansa wani ma'aikacin banki ne, wanda ya rantse cewa ba a yi masa alƙawarin komai ba. Ashe wani lauyan gwamnati ya riga ya yi masa alƙawarin ba za a gurfanar da shi ba in ya ba da shaida, lauyan da ya tsaya a kotu kuma bai sani ba. Kotun ta ce ofishin mai gabatar da ƙara baki ɗaya ne, abin da ɗaya ya sani kowa ya sani, kuma abin da ke zubar da amincin mai shaida shi ma hujja ce da dole a bayyana. A 1995, a shari'ar Kyles daga jihar Luwiziyana, ta ƙara ɗaure igiyar: wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tashi ya nemo abin da 'yan sanda suka sani, ba zai fake da cewa ba su gaya masa ba.

To a nan gizo ke saƙar. An ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin sanin abin da ke cikin fayil ɗin da ba shi da mabuɗinsa. Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kusan dubu 18, da ofisoshin masu gabatar da ƙara na jihohi da gundumomi fiye da dubu 2, kowa da tsarinsa, wasu ma ba su da ko ɗaya. Ni a ganina babu gyaran da zai yi tasiri sai doka ta juya nauyin: hukumar 'yan sanda ce za ta kai rahoton jami'inta ga mai gabatar da ƙara, ba tare da an roƙa ba, cikin kwanaki ƙidayayyu, kuma tun kafin a shigar da ƙara. Ɗan sandan yana da haƙƙin a saurare shi. Ba shi da haƙƙin a ɓoye shi.

Mu ƙaddara shari'a ɗaya daga cikin dubbai irinta. Ƙarfe biyun dare, ɗan sanda ya tsayar da mota, ya ce ya hangi gindin bindiga ya leƙo daga ƙarƙashin kujera, shi ya sa ya caje motar ba tare da takardar izinin kotu ba. Direba ya ce ƙarya ne, a cikin but aka ciro ta bayan an sa masa ankwa. Kyamarar da ke maƙale a ƙirjin jami'in ba ta fara ɗauka ba sai bayan an gama cajen. Lauyan direba ya nemi kotu ta yi watsi da bindigar, tun da in cajen haramtacce ne abin da aka samo ma ba ya shiga shari'a. Alƙali yana da mutum biyu a gabansa, ɗaya da kaki, ɗaya da kayan gidan yari. Kowa ya san wanda za a gaskata. Yanzu a ce shekara uku da suka wuce sashen binciken cikin gida na 'yan sanda ya tabbatar wannan jami'i ya rubuta rahoton cewa ya ga ƙwaya a kan cinyar wani direba, bidiyo kuma ya ƙaryata shi, aka dakatar da shi kwana goma. Takarda ɗaya ce tak. In ta iso teburin lauyan, shari'ar ta canja gaba ɗaya. In ba ta iso ba, direban zai amsa laifi a cikin mako biyu.

Masu adawa da wannan tsari sukan cakuɗa matakai uku da ba ɗaya ba ne, wani lokaci da gangan. Akwai fitar bayani daga ofishin 'yan sanda zuwa ga mai gabatar da ƙara. Akwai miƙa shi ga lauyan wanda ake tuhuma. Sannan akwai yardar alƙali a ambace shi a gaban masu taya shi yanke hukunci. Ƙofar farko ya kamata ta kasance a wangale, domin daga hukuma ne zuwa hukuma, ba tallar kasuwa ba ce. Ta biyu tana da mai gadi: in mai gabatar da ƙara yana shakka, sai ya kai wa alƙali fayil ɗin ya duba shi kaɗai a ofishinsa, kuma alƙali na iya ba da umarnin cewa lauya ya gani amma kada ya fitar da shi waje. Ta uku ta fi kowacce ƙunci. A kotunan tarayya, ƙa'idar shaida mai lamba 608 ta yarda a tambayi mai shaida kan wata ƙarya da ya taɓa yi, amma in ya musa ba a kawo wasu shaidu daga waje don tabbatar da ita. Saboda haka maganar cewa da zarar an ba mai gabatar da ƙara fayil an tona asirin ɗan sanda a bainar jama'a ba gaskiya ba ce.

Me ya kamata ya wuce ta ƙofar farko? Ƙaryar da bincike ya tabbatar, a rahoto ko a rantsuwa ko a gaban masu binciken cikin gida. Taɓa kayan shaida, ko ɓatar da su, ko jefa wa mutum abu a aljihu. Hukuncin kotu kan laifi, da tuhumar da ke gaban kotu yanzu. Kalaman ƙyamar launin fata ko addini, har da na Facebook. Hukuncin wani alƙali cewa bai gaskata jami'in ba. Dukan wuce gona da iri ba ƙarya ba ne, amma yana da muhimmanci a shari'ar da ake tuhumar mutum da yi wa jami'i gardama ko kai masa hannu, don haka shi ma ya wuce, mai gabatar da ƙara ya tace. Makara wurin aiki ko buga motar sintiri da bango ba su da wurin zama a nan, sai in ƙarya aka yi wajen bayanin yadda aka buga ta. Wanda ya fi wuya shi ne zargin da ba a gama bincikensa ba. Ra'ayina a sanar da mai gabatar da ƙara cewa ana bincike, da irin zargin, a cire sunan daga jerin jami'ai masu tabo da mai gabatar da ƙara ke riƙewa in an wanke jami'in. In aka ce sai an gama, to wanda ke riƙe da binciken ne ke riƙe da agogo, kuma an sha ganin binciken da ya kwana shekara biyu a kan tebur.

Hanyoyin da fayil ke ɓacewa sun fi a ƙirga, amma kaɗan ne ke maimaituwa. Mafi sauƙi ita ce canja wa laifi suna. Jami'i ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri, sai shugabansa ya rubuta "rashin kula wajen rubuta rahoto" ko "halin da bai dace da jami'i ba", saboda ya san kalmar ƙarya za ta raba yaronsa da akwatin shaida har abada. Maganin wannan shi ne a aika ainihin abin da ya faru, ba laƙabin da aka sa masa ba, mai gabatar da ƙara ya karanta da idonsa. Sai murabus a tsakiyar bincike: jami'i ya ajiye kaki ana saura mako guda a yanke hukunci, a rufe fayil babu sakamako, wata uku ya bayyana a gundumar da ke maƙwabtaka da takarda fara fes. Dole doka ta ce a ƙarasa bincike ko da mutum ya tafi. Sai yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadagon 'yan sanda da ke cewa a goge bayanan ladabtarwa bayan wasu shekaru. A Shikago yarjejeniyar ta ce a lalata su bayan shekara 5, sai da Kotun Ƙolin jihar Illinois ta hana a 2020. Akwai kuma mai sasanta rikicin ma'aikata da zai mayar da korarren jami'i bakin aiki don an yi kuskuren ƙa'ida wajen korarsa, alhali bai ce bai yi ƙaryar ba. Wannan ba wankewa ba ce, kuma bai kamata ta cire suna daga jerin ba.

Akwai wata ɓaraka da laifinta ba na 'yan sanda ba ne. Alƙali zai faɗa da baki a zaman kotu cewa bai gaskata jami'i ba, ya yi watsi da hujja, ƙaramin lauyan gwamnati ya tattara takardunsa ya ruga wata kotun. Ba a rubuta ko'ina ba sai a rikodin zaman da ba wanda zai sake buɗewa. Gobe jami'in yana gaban wani alƙalin a hawa na biyu na ginin. Ofishin da ke da gaske yana tilasta wa kowane lauyansa cike takarda a ranar, ya kai wa mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin jerin.

Kalifoniya ta nuna iyakar inda sirri ke kaiwa. Bayan shari'ar Pitchess ta 1974, majalisar jihar ta kulle fayilolin 'yan sanda har mai gabatar da ƙara ma ba ya buɗewa kai tsaye. Lauya sai ya shigar da buƙata, ya nuna dalili, alƙali ya duba a ɓoye, yawanci abin da za a ba shi sunayen waɗanda suka taɓa kai ƙorafi ne ya je ya nemo su, kuma a wancan lokacin ƙorafin da ya wuce shekara 5 ba ya ciki. Da shugaban 'yan sandan gundumar Los Angeles, Jim McDonnell, ya haɗa sunayen jami'ai kusan 300 masu tabo don ya ba masu gabatar da ƙara, ƙungiyar jami'ansa ce ta maka shi a kotu. Sai a 2019 Kotun Ƙolin jihar ta ce yana iya sanar da su idan jami'in zai ba da shaida a wata shari'a. Sunaye kawai fa, ba fayil ba. A jihar New York kuwa wani sashen doka da ake kira 50-a ya rufe irin waɗannan bayanai tun 1976, ba a soke shi ba sai a Yunin 2020, bayan kisan George Floyd.

Kuɗin wannan rufa-rufa daga baya ake biyansa, kuma da tsada. Sajan Ronald Watts ya shafe shekaru yana karɓar kuɗin kariya a rukunin gidajen talakawa na Ida B. Wells a Shikago, wanda ya ƙi biya a ƙulla masa sharrin ƙwaya. Mazauna wurin sun yi ta kai ƙorafi, ƙorafin na shiga durowa, shi da yaransa na ci gaba da rantsuwa a kotu. Sai da ya saci kuɗi daga hannun wani mai yi wa hukumar FBI aiki a ɓoye sannan aka ɗaure shi a 2013. Hukunce-hukuncen da aka soke saboda shi sun haura 200, da yawa bayan masu su sun gama zaman gidan yarin. A Baltimore, bayan gurfanar da wata runduna ta musamman mai farautar bindigogi a 2017, ofishin mai gabatar da ƙara ya nemi a soke hukunci kusan 800. Ba shakka a cikin 800 ɗin akwai masu laifi na gaske, kuma sun tafi abinsu. Wanda ya damu da tsaro ya fi kowa buƙatar a san jami'in da ba za a jingina shari'a a kansa ba tun da wuri.

Yanzu mu ba 'yan sandan haƙƙinsu, don kukansu ba duka ne na banza ba. Shiga wannan jeri kusan mutuwar aiki ce. Jami'in da ba za a kira shi shaida ba, ba zai yi kame ba, ba zai yi bincike ba, sai gadin ƙofa. A wurare da dama mai gabatar da ƙara shi kaɗai ke sa suna, babu sanarwa, babu sauraro, babu ɗaukaka ƙara. Kuma makami ne mai daɗin riƙo ga mugun shugaba: jami'in da ya tona asirin manyansa, ko ya goyi bayan wani ɗan takara, sai a tono wani saɓanin minti goma a takardar lokacin aikinsa a kira shi ƙarya. Jihar New Hampshire, inda ake kiran jerin da sunan Laurie saboda wata shari'ar kisa ta 1995, ta gano cewa akwai sunayen da aka sa shekaru da dama ba tare da masu su sun samu damar kare kansu ba. Dokar da ta yi a 2021 ta buɗe jerin ga jama'a, amma ta fara ba kowane jami'i lokaci ya je kotu ya ƙalubalanci sa sunansa. Kalifoniya kuma ta hana a hukunta jami'i don kawai sunansa na cikin jerin, sai dai don ainihin abin da ya aikata. Duka biyun daidai ne. A rubuta ma'auni a fili, a sanar da jami'i a rubuce, a ba shi dama ya kawo nasa bayanin ya shiga fayil, a samar da hanyar cire suna in sabuwar hujja ta wanke shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a dakatar da sanarwar har sai ya gama ɗaukaka ƙararsa. Shi aikinsa ne a kan sikeli, mutumin da ke tsare kuwa shekarunsa ne.

Jihohin Kolorado da Washinton duk sun yi doka a 2021 da ta ɗora wa hukumar 'yan sanda wajibcin kai rahoto, ta Washinton har da wa'adin kwana 10, da sharaɗin cewa kafin a ɗauki tsohon jami'i aiki a bincika ko an taɓa yin irin wannan sanarwa a kansa. Kanada ta riga su: tun hukuncin McNeil na 2009 'yan sanda ke miƙa wa lauyan gwamnati bayanan manyan laifuffukan jami'in da ke cikin shari'a ba tare da an nema ba. A Ingila jami'in da kansa ke cike wata takarda mai lamba MG6B da ke tafiya tare da fayil ɗin ƙara. Ba a ji aikin ɗan sanda ya rushe a ko ɗaya daga cikinsu ba.

Duk da haka akwai rami babba da waɗannan dokoki ba su cike ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen laifi a Amurka ba a zaman shari'a ake samunsu ba, ciniki ake yi, mutum ya amsa laifi a rage masa. A shari'ar Ruiz ta 2002 Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulki bai tilasta a bayyana abin sukar mai shaida kafin wannan ciniki ba. Ke nan direban nan namu na ƙarfe biyun dare yana iya sa hannu kan shekara uku ba tare da an karya wata doka ta tarayya ba, takardar tana kwance a teburin wanda ya yi masa tayin. In kuma an ɓoye ta da gangan, ba a iya kai mai gabatar da ƙara ƙarar diyya, yana da kariya tun hukuncin Imbler na 1976. John Thompson ya yi shekara 14 yana jiran kisa a Luwiziyana saboda an ɓoye sakamakon gwajin jini, aka yanke ofishin mai gabatar da ƙara ya biya shi dala miliyan 14, Kotun Ƙoli ta soke diyyar a 2011 da rinjayen alƙali biyar a kan huɗu. Tun da kotu ba za ta hukunta ba, sai majalisar jiha ta rubuta cewa babu tayin sassauci sai an haɗa da bayanin jami'an da ke cikin shari'ar, kuma amsa laifin da aka samu ba tare da shi ba ana iya warware shi.

Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan hoto. Shari'o'in fashi da kisa da yawa a kan takardar amsa laifi suke tsaye, wanda ake tuhuma ya ce azaba ce ta sa ya sa hannu, kotu ta buɗe ƙaramar shari'a a cikin babba, ɗan sandan da ya yi bincike ya rantse cewa da yardarsa ya yi bayani. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi ɗaukar bayani a bidiyo ko a gaban lauya, amma takardun da ake ba lauyan wanda ake tuhuma sunayen shaidu ne da bayanansu, ba tarihin ladabtarwar mai binciken ba. A kotunan majistare da yawa ma mai gabatar da ƙarar shi kansa ɗan sanda ne. Bayanan kuwa akwai su: hukuncin ladabtarwa na cikin gida ana rubuta shi, hukumar kula da ayyukan 'yan sanda tana da na manyan jami'ai, kwamitocin da jihohi suka kafa bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020 sun saurari ƙorafe-ƙorafe masu ɗauke da sunaye. Fayil ɗin babban laifi dama yana zuwa ma'aikatar shari'a ta jiha don neman shawarar daraktan gabatar da ƙararraki. Kwamishinan shari'a na iya cewa daga yau fayil ba ya karɓuwa sai da shafi ɗaya a samansa, mai ɗauke da sunan mai binciken da lambarsa, da duk hukuncin ladabtarwar da aka taɓa yi masa, da sa hannun DPO ɗinsa a ƙasa.